Sabuwar jaket ɗin fatar doki ta ƙi lanƙwasuwa: awo ne ya ɓaci ko haƙuri ne ya rage?

Baban_Khalil:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar jaket ɗin fata, domin na shiga ruɗani kuma lokaci yana ƙure mini. Wata huɗu da suka wuce na ba wani ƙaramin shago aikin jaket ta fatar doki, irin yankan shekarun 1930 mai rabin ɗamara a baya, na aika musu da awona, ta kuma iso nan Manchester ranar Talata. Da na fitar da ita daga kwali na ajiye a tsakar ɗaki, sai ta tsaya da kanta kamar akwai mutum a ciki. Idan na saka ta na ja zif, ba na iya miƙa hannu in ɗauko kofi daga kanta ba tare da dukan rigar ta ɗaga ta tokare mini haɓa ba. Hannunta ya sauko har gindin babban yatsana, amma jikinta ya tsaya daidai kan bel ɗin wando, har uwargida ta tambaye ni ko ta ƙanena ce aka aiko mini bisa kuskure. Masu shagon sun ce za su karɓi gyara ko canji matuƙar fatar ba ta yi karin sakawa ba. Ke nan idan na fara yawo da ita don ta yi laushi na rufe wa kaina ƙofar mayarwa, idan kuma na mayar ina tsoron in rabu da rigar da take daidai saboda gajen haƙuri. Ta yaya ake bambance taurin da zai saki da awon da ya ɓaci?

DanGwanjo_Sabongari:
Wa alaikumus salam. Alhaji, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Fatar doki mai kauri ba ta zuwa da laushi, kuma wanda ya saye ta ya sayi aikin horar da ita tare da ita. Shekara da shekaru ina kwance dilar gwanjo, kuma jaket ɗin da suka fi kyau su ne waɗanda wani ya riga ya sha wahalarsu. Ka saka ta kullum na wata biyu, sa'an nan ka dawo ka ba mu labari.

Tela_Mai_Almakashi:
Ina girmama maganar DanGwanjo, amma kada a gaggauta ba shi wannan fatawa, domin haƙuri yana dafa dutse amma ba ya ƙara inci ɗaya a kafaɗa. Fata tana yin laushi, tana ɗan buɗewa a wurin da ake yawan jan ta, kamar tsakanin allon baya da gwiwar hannu, amma nisan da ke tsakanin ɗinkin kafaɗa da ɗinkin kafaɗa yana nan yadda aka yanka shi, haka tsawon baya. Kuma fata ba yadi ba ce: duk inda allura ta shiga ta bar huda har abada, saboda haka ana iya rage ta, amma ba a sakin ɗinki a ƙara mata faɗi kamar yadda muke yi wa shadda. Baban Khalil, ka shimfiɗa ta a ƙasa da zif a rufe ka auna mana abu huɗu: daga hammata zuwa hammata, daga kafaɗa zuwa kafaɗa ta baya, daga gindin kwala zuwa bakin ƙasa, sai kuma hannu daga ɗinkin kafaɗa zuwa baki. Ka faɗa mana awon ƙirjinka, ka kuma duba a madubi inda ɗinkin kafaɗar ya sauka, ko a kan ƙashin ne, ko ya hau wajen wuya.

Abu_Fatima_Leeds:
Kafin awon ya zo, bari in taɓa maganar gajarta, domin nan ne idonmu ya fi yaudararmu. Mun tashi da kaftani da babbar riga, mun saba cewa suturar mutunci ita ce wadda ta sauko ta yalwata, don haka duk rigar da ta tsaya a kugu sai mu ga kamar yadi ne ya gaza. Amma waɗannan jaket an yanka su ne a zamanin da wandon Turawa yake hawa har cibiya. Jaket ɗin A-2, wadda rundunar saman sojojin Amurka ta amince da ita a 1931, a kugu take tsayawa, da saƙaƙƙen baki a ƙasa da kuma a hannu, domin matuƙin jirgi a zaune yake cikin ƙuntataccen wuri, kuma doguwar riga tattarewa za ta yi a cinyarsa. Masu rabin ɗamara irin taka na fararen hula ne, ma'aikata da direbobi, amma tunanin ɗaya ne: ɗamarar nan ta baya ya kamata ta zauna a ainihin kugu, wurin da jiki ya fi tsukewa. Idan aka ƙara wa rigar inci uku don ta rufe ɗuwawu, ɗamarar za ta sauka inda ba muhallinta ba, aljihun ma haka, sai fasalin ya lalace gaba ɗaya. Ni abin da na yi shi ne na canza wando, ban canza jaket ba. Ka gwada ta da wando mai dogon kugu ka gani ko Hajiya za ta sauya ra'ayi.

Baban_Khalil:
Na gode ƙwarai, Malam Tela da Abu Fatima. Ga abin da na samu. Ƙirjina inci 41 ne a kan singileti. Rigar daga hammata zuwa hammata inci 22 da rabi, kafaɗa 18, baya 24 da rabi, hannu 26. Ɗinkin kafaɗar dama ya sauka daidai kan ƙashi, na hagu kuwa kamar ya ɗan leƙa waje kaɗan. Kaurin fatar, bisa takardar da suka haɗo, milimita 1.4 ne. Na kuma lura da wani farin abu kamar ƙura a kan kwala da bakin aljihu, wanda ban ambata da farko ba don kada tambayoyin su yi yawa.

MaiBabur_Jos:
Ni maganar hannun zan yi, tunda a kan babur nake wuni. Hannun da ya kai gindin babban yatsa a sabuwar fata mai tauri ba lallai ne ya yi tsawo ba, saboda yanzu a miƙe yake kamar bututu. Da zarar gwiwar hannu ta yi kari, fatar za ta tattaru a wurin, bakin hannun ya ja sama. Tawa ta hau da kusan rabin inci a hunturun farko, kuma da na rage ta tun tana sabuwa kamar yadda na yi niyya, da yanzu wuyan hannuna a waje yake. A jaket ɗin babur ma da gangan ake barin hannu da tsawo, tun daga Perfecto da Irving Schott ya fitar a New York a 1928, domin idan ka miƙa hannu ka kama kan babur rigar tana ja baya, kuma iskar Jos da asuba ba ta yafe wa wuyan hannun da ya fito. Taka ba ta babur ba ce, na sani, amma ka miƙa hannuwanka gaba kamar kana riƙe da sitiyari ka ga inda bakin ya tsaya kafin ka yanke hukunci.

Ummu_Sadiq:
Ku yi mini afuwa in shigo cikin maganar maza, amma ina ganin ba a yi wa uwargidan Baban Khalil adalci ba. Tarihin da Abu Fatima ya kawo gaskiya ne, sai dai mutum ba a 1935 yake rayuwa ba. Maigidana ya yi irin wannan oda a nan Toronto, ya nace sai an yi masa matsattsiya kamar ta tsofaffin hotuna, ta zo ta yi masa kyau a kan shat, amma ba ta karɓar suwaita a ciki. A garin da sanyi yake ɗaukar wata biyar, rigar da ba ta shiga da suwaita rigar wata biyu ce, kuma ranar Juma'a ba ya iya ɗora ta a kan kaftani domin sai ya zama kamar an ɗaure buhu a tsakiya. Yanzu tana rataye, ya koma wa tsohuwarsa. Tambayar da nake ganin ta dace ita ce, Yaya, me kake so ka riƙa sakawa a ƙarƙashinta, kuma shin ka gaya wa masu ɗinkin haka tun farko?

Abu_Fatima_Leeds:
Hajiya, maganarki tana kan hanya, ban musa ba. Amma inci 22 da rabi sau biyu inci 45 ke nan, a kan ƙirji 41, wato akwai sararin inci huɗu. Kaurin fata da shafi za su ci wani abu daga ciki, duk da haka suwaita mara nauyi za ta shiga. Ba irin ta maigidanki ba ce. Batun kaftani kuwa na sallama miki, babu yadda za a yi gajerar jaket ta zauna a kansa da kyau. Wannan aikin doguwar kwat ne.

Baduku_Kofar_Wambai:
Allah ya ƙara wa kowa basira. Ni ban taɓa ɗinka jaket ba, takalmi da jaka da sirdi na gada, amma fata fata ce. Taurin da kuke magana a kai daga wurin jima yake farawa. A wurinmu majemi yana jiƙa fata, ya cire gashi, ya tsuma ta a ruwan bagaruwa, kuma fatar da ta sha bagaruwa tana fitowa da ƙarfi, tana riƙe duk siffar da aka ba ta, tana kuma yin duhu da rana da gumin hannu. Wadda aka jeme da sinadarin kurom a masana'anta ta fi saurin laushi kuma ta fi jure ruwa, amma ba ta tsufa irin waccan. Abin da nake so in ja kunnen Alhaji a kai shi ne mai. Mutanenmu da sun ji fata da tauri sai su ɗauko man gyaɗa ko man shanu su shafa, alhali sabuwar fata cike take da man da aka jeme ta da shi. Man girki yana sa ta yi baƙi dabbare-dabbare, bayan wani lokaci ya yi ɗoyi, ya kuma jawo ƙura ta liƙe a ɗinki. Ɗumin jiki da motsi su ne suke sassauta sabuwar fata. Mai sai bayan shekaru, idan ka taɓa ka ji ta bushe, kuma kaɗan, a tafin hannu.

Injiniya_Habu:
Maganar Baduku ta kai mu ga farin abin da Baban Khalil ya gani. Akwai fatun da ake haɗa musu jima biyu, a fara da kurom, a maimaita da ɓawon itace, sa'an nan a cusa musu mai da kakin zuma da zafi. Wadda aka fi sani ita ce Chromexcel ta kamfanin Horween da ke Chicago, wanda yake aiki tun 1905. Irin wannan fata idan ta sha sanyi, kamar a cikin kwali a hanya, kakin yana tasowa sama ya yi fari, kuma taurinta yana ƙaruwa sosai. Ka goga wurin da yatsa ko da tsumma mai laushi. Idan farin ya narke ya ɓace ya bar sheƙi, kaki ne, babu komai. Idan kuwa ɗigo-ɗigo ne mai gashi-gashi da warin rima, fumfuna ce, kuma wannan dalili ne na mayarwa. Ina kuma ba ka shawara ka bar rigar ta kwana a ɗaki mai ɗumi, nesa da hita, ka saka ta minti ashirin kana zaune kafin ka sake gwada miƙa hannu, domin hukuncin da aka yanke wa irin wannan fata tana da sanyi ba hukunci ba ne.

Sarkin_Gaggawa:
Duk wannan doguwar hanya ce. Na ga masu jiƙa jaket da ruwan ɗumi su saka ta a jiki har ta bushe, kuma cikin kwana ɗaya ta ɗauki siffar mutum. Me zai hana ya yi haka ya huta?

DanGwanjo_Sabongari:
Ƙanena, kada ka sa bawan Allah ya yi asarar kuɗinsa. Ni na gwada wannan a kan wata tsohuwar jaket ta fatar saniya da na ware wa kaina daga dila. Na tsoma ta a ruwan zafi, na shanya a rana tsakar watan Afrilu. Da yamma na ɗauko ta kamar ƙilishi, hannu ya ɗage da fiye da inci ɗaya, zif ya yi tudu-tudu kamar maciji domin fatar ta tsuke shi kuwa bai tsuke ba, launin shafin ya zuba a kwala. Yayyafi daban ne: idan ruwan sama mara ƙarfi ya same ka a hanya ka ci gaba da tafiyarka, ka rataye ta a inuwa ta bushe da kanta, hakan yana taimaka wa karin hannu ya zauna. Amma wanda har yanzu yake tunanin mayarwa, ko yayyafin bai kamata ya bari ya taɓa ta ba.

Hajiya_Maradi:
Abin da yake ba ni mamaki shi ne yadda kowa ya ɗauka sai fatar doki ce jaket ta gaske. Mu da muke da jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda ayari ya riƙa ƙetare hamada da fatarta har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su, mu ne kuma za mu raina akuya? Fatar akuya ba ta da nauyi, tana da ƙarfi, kuma ba ta bukatar wannan kokawa ta wata da watanni.

Abu_Fatima_Leeds:
Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma tarihi yana bayanta. Jaket ɗin G-1 ta matuƙan jiragen sojan ruwan Amurka, mai kwalar gashin tunkiya, da fatar akuya aka san ta, kuma ita A-2 da aka fara da doki, a lokacin yaƙin duniya na biyu an yi ta da akuya ma. Bambancin yana ga yadda suke tsufa. Akuya tana da ƙwayoyi a fuskarta tun tana sabuwa, kuma bayan shekara goma kusan haka za ka same ta. Doki kuwa yana farawa sumul, sannu a hankali ya yi manyan kari, launi ya buɗe a gefuna. Masu son wannan sauyi ne suke biyan tsadar fatar doki ta majemar Shinki da ke garin Himeji a Japan, musamman wadda aka rina samanta baƙi aka bar cikinta ruwan ƙasa, yadda idan ta goge a gwiwar hannu da bakin aljihu sai ruwan ƙasan nan ya leƙo. Wanda ba ya sha'awar wannan, akuya ta fi masa sauƙi nesa ba kusa ba. Akwai kuma wani abu a G-1 da ya shafi matsalar Baban Khalil kai tsaye: bayanta yana da naɗi a gefen kowace kafaɗa da ƙarin ƙyalle a hammata, waɗanda suke buɗewa idan an miƙa hannu, alhali A-2 bayanta fata ɗaya ce shimfiɗe.

Tela_Mai_Almakashi:
Yauwa, Abu Fatima ya dawo da mu gida. Na duba awon, kuma a takarda ban ga laifi ba. Kafaɗa 18 ga ƙirji 41 daidai ne a irin wannan yanka. Ta hagun da ta leƙa waje kada ta dame ka, domin da wuya ka sami mutumin da kafaɗunsa biyu suke daidai, kuma mu teloli kullum muna gani. Abin da ban ji ba shi ne zurfin hammata, kuma ina zargin nan matsalar take. Mutane suna zaton hammata mai zurfi ita ce mai sakewa, alhali akasin haka ne. Idan ramin hannun ya sauka ƙasa, hannun riga yana haɗe da gefen jiki tun daga haƙarƙari, don haka da ka ɗaga hannu sai ya jawo dukan rigar sama, ita ce take tokare maka haɓa. Idan ramin yana sama kusa da hammatarka, hannu yana motsi shi kaɗai jiki yana zaune. Ka saka ta a kan shat, ka sauke hannu, ka sa wani ya cusa yatsu tsakanin hammatarka da ɗinkin. Yatsa biyu ko uku ba matsala, tauri ne, zai saki. Idan tafin hannu duka ya shige, yanka ne, kuma ko shekara biyar ka yi da ita za ta yi laushi amma ba za ta daina hawa ba. Gwaji na biyu, ka rungume kanka da hannu biyu. Idan ka ji fata tana turjiya ko'ina kamar kwali, wannan tauri ne. Idan kuwa ka ji wuri ɗaya yana yankan ka a gaban kafaɗa har yatsunka suna neman yin sanyi, wannan ƙunci ne.

Ummu_Sadiq:
Malam Tela, wannan gwaji na biyun shi ne abin da ya sami maigidana, kuma an yi ta ce masa ya yi haƙuri za ta saki. Laushi kam ta yi, amma wurin nan na gaban kafaɗa yana nan har yau. Shi ya sa nake cewa wanda yake da damar mayarwa kada ya ji kunyar amfani da ita.

Baban_Khalil:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Farin abin kaki ne, na goga da yatsa ya ɓace kamar yadda Injiniya ya ce. Na bar ta ta kwana a falo, yau da safe na zauna da ita rabin awa ina karatu, kuma bambancin a fili yake, har na iya ɗaura igiyar takalmi ba tare da na cire ta ba. Khalil ya cusa yatsu a hammatar, uku suka shiga, amma yatsun ɗan shekara tara ne, saboda haka zan jira babba ya maimaita. Da na rungume kaina ban ji yanka a wuri ɗaya ba, turjiya ce ko'ina. Da wandon kwat ɗina mai dogon kugu gajartar ba ta fito ba sosai, ko da yake uwargida ta ce ta rage ƙorafi ne kawai, ba ta janye ba. Ga tambayar Ummu Sadiq, gaskiya ban gaya musu zan sa suwaita ba, wannan sakacina ne, amma na gwada da mara nauyi zif ya rufe. Abin da ya rage mini shi ne hannun. Da na miƙa kamar yadda MaiBabur ya ce, bakin ya tsaya daidai ƙashin wuyan hannu, amma idan na sauke har yanzu yana rufe rabin bayan hannuna. In aika a rage inci ɗaya yanzu da shagon zai yi, ko in jira?

MaiBabur_Jos:
Ka jira, Alhaji. Abin da aka yanke ba ya dawowa.

Tela_Mai_Almakashi:
A nan ni da MaiBabur mun ɗan saba. Inci 26 ga mai kafaɗa 18 yana iya yin yawa idan hannunka ba dogo ba ne, kuma kari ba zai cinye inci guda cur ba. Ya danganta da bakin hannun. Idan sake yake, ba zif ba maɓalli, kowane mai keken ɗinkin fata zai iya rage shi daga baya, don haka jira ba ya cutarwa. Idan kuwa akwai maɗauri da maɓalli, sai an kwance an mayar da su sama, tsofaffin hudojin allura kuma suna iya bayyana, kuma irin wannan aiki gara wanda ya yanka rigar ya yi shi da zarensa. Ka ɗauko mana hoton bakin hannun ta ciki da ta waje, ka kuma tambayi shagon ko za su yarda su rage maka bayan ka saka ta hunturu ɗaya, ko da za ka biya kuɗin aikin.